Lansir ɗin Kawu da rantsuwar Umma

Ranar wata Talata, a ƙarshen sanyin bana, Kawu ya amsa kiran da kowa zai amsa. Dukanmu na Allah ne, shi dai ya riga mu komawa. Da safen ranar sai da ya hau saman gidansa a unguwar Harra ta Yamma, nan Madina, ya ba shukarsa ruwa, ya sauko ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya yi nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa. Bai tashi ba. Washegari aka sallace shi a Harami, aka kai shi Baƙi'a, inda ya yi shekara da shekaru yana roƙon Allah Ya ba shi makwanci. Ya samu abin da ya roƙa, shi ya sa ko kukan da muka yi bai yi ɗaci ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya, su biyu kaɗai Kaka ta bari a duniya. Ni kuwa a duk 'ya'yan dangi ba wadda ya fi tsokana kamata.

Kwana ukun zaman makoki, wanda a nan Madina muke ce wa aza, ina ɓangaren mata ina zuba gahawa, kunnena a buɗe. Na zaci za a yi ta zancen sallarsa da azuminsa, don yana da su daidai gwargwado. An ambata, amma a gurguje. Abin da ya cika bakin mutane ganye ne. Mutum ya kusa shekara tamanin a duniya, ya tuƙa tanka a Yanbu har bayansa ya ranƙwafa, ya aurar da nasa ya aurar da na dangi, amma ranar da ya mutu kowa lansir yake tunawa.

Wata tsohuwa daga cikin Hausawan Sudan ta shigo tana dogara sanda, ta kama hannun matar Kawu ta riƙe.

"Azzamallahu ajrakum, ya ukhti," in ji ta. "Allah Ya jiƙan Alhaji. Duk haihuwar da aka yi a gidana, ta 'ya'yana da ta jikokina, kafin suna ƙullin rashad ɗinsa ya iso. Ni saboda shi ban san ƙofar attar ba."

Rashad shi ne sunan da Larabawa ke kiran lansir. Su ƙwayar suka fi sani, 'yar ja ɗin nan da ake saya a wurin attar, mai kayan ƙamshi da magunguna, a jiƙa wa mai jego ko wanda ya karye. Mu kuma ganyen muke ci, mu kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli.

Daga ɓangaren maza mijina ya kawo mini nasa labarin. Wai maƙwabcin Kawu, wani dattijon Balarabe, ya sa mutane murmushi a tsakiyar makoki. Ya ce ya daɗe yana zaton zomaye Kawu ke kiwo a sama, don bai ga dalilin da zai sa mai hankali ya shuka ciyawa a akwati ba. Ranar da aka ba shi ya ɗanɗana sai da ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi. "Yanzu ga ni," in ji shi, "dafaffen waken ful ba ya wuce mini in babu shi. Ya koya mini ya tafi ya bar ni." Sai kuma ɗaliban jami'a 'yan Nijeriya, da suka zo a jere. Babbansu, magidanci ne mai gemu har da furfura, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Da ya shafa, cewa ya yi duk faɗin Madina a saman gidan nan ne kaɗai yake cin abinci ya manta a ƙasar wasu yake.

Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan a kan ganyen ba, ita ce Umma. Tana zaune kusa da matar Kawu tana amsa gaisuwa da amin. Duk wadda ta ambaci lansir, sai Umma ta gyara mayafi ta kalli darduma. Tsofaffin unguwa sun san dalili, da sun lura sai su sauya zance. Shekara talatin da ɗoriya ke nan Umma ba ta sa ganyen Kawu a bakinta ba, don ta rantse da Allah. Kuma a daidai lokacin da muke zaune, a saman kanmu akwai akwatunan shukarsa ta ƙarshe, kore shar. Lansir ba ya daɗewa. Da zafi ya leƙo zai yi fure, ya yi ɗaci, ya bushe, daga nan kuma babu sauran abin da hannun Kawu ya shuka a duniya. Abin da ke cin raina ke nan tun ranar farko: kada ganyen nan ya wuce Umma ba ta ci ba, ta zauna da rantsuwarta a cike, ɗan'uwan kuma babu.

Ƙafata ce ta jawo rantsuwar, ta hagu.

Kaka ta baro Kano tana amarya, ita da mijinta, a irin tafiyar Hajjin da, wadda ake shekaru a hanya. Cikin 'yan komatsanta akwai irin lansir ƙulle a bakin zani. Duk inda suka yada zango mai tsawo, a Chadi ko a Sudan, sai ta shuka, ta ci, ta ɗebi sabon iri ta ƙulle. Haka ya haye teku ya iso Madina, ya samu mazauni a wani tsohon gwangwanin madara. Kowace shekara tana sabunta shi, Kawu na taya ta in yana gari. A gidanmu ta yi jinyar ajali, Umma ce ke juya ta, ke wanke ta, ke ba ta abinci a baki. Ta rasu da tsakiyar zafi, gwangwanin na ƙarƙashin gadonta. Kawu ya koma aikinsa a Yanbu a kan cewa in sanyi ya shigo zai zo ya shuka.

Kafin sanyin ya shigo na gangaro daga matattakala, ina 'yar shekara bakwai, ƙashi ya karye. Aka ɗaure. Matan unguwa suka yi ta zuwa dubiya, kowacce da magana ɗaya: a ba ta rashad a madara da ɗanyen ƙwai kullum da safe. Umma ta tuna da gwangwani. A ranta ta ce wane iri ne zai fi na uwarta albarka a jikin jikarta. Cokali-cokali, ina sha ina yamutsa fuska, don in ya jiƙa yauƙi yake yi, har gwangwani ya ga ƙarshensa. Ƙafa kuwa ta warke sarai, ko ɗingishi babu.

Ina tune da ranar da Kawu ya iso. Har ya sauke buhunan ƙasa a gidansa, ya biyo da kayan aiki a jikinsa.

"Auta, ina gwangwanin Inna?"

Umma ta ɗauko ta miƙa masa. Ya girgiza, bai ji motsi ba. Ya buɗe ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa kamar rijiya ce.

"Ina irin?"

"Yarinya ta sha, Yaya. Ga ta can tana tsalle."

"Duka?"

"Iri ai iri ne. Attar cike yake da shi. In kana so yanzu a aika a sayo maka."

Kawu mutum ne mai fara'a, amma in ransa ya ɓaci harshensa kan riga hankalinsa. Ya ce, "Abin da Inna ta goyo tun daga Kano, bai ɓace a daji ba, bai nutse a teku ba, sai a kofin madararki? Ke dai ba ki san darajar uwa ba."

Umma ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kafin nan ko bayan nan.

"Ni ce ban san darajar Inna ba? To wallahi tallahi, duk lansir ɗin da hannunka ya shuka ba zai ƙara shiga bakina ba."

Kada a zaci gaba aka ƙulla. Kwana biyu tsakani ya dawo da gurasar tamis mai zafi, suka gaisa, suka ci gaba da zumuncinsu. Da Abbanmu ya rasu Kawu ne ya tsaya mana, shi ya ba da aurena, shi ya riƙa yi wa Umma zirga-zirgar takardu a ofisoshi. In sun zauna hira sai an kira salla suke tashi, suna gulmar matattu da rayayyu suna dariya. Wannan magana ɗaya ce kawai ta zauna a tsakaninsu kamar tsakuwa a shinkafa. A satin rantsuwar ya je attar ya sayo iri ya shuka, kuma daga ranar har ya koma ga Allah yana shukawa yana mitar cewa bai kai na Inna ba. Ni kuma ya laƙaba mini suna, mai tsadar ƙafa. In ya ga ina sauri sai ya ce, "Taka a hankali, gonar Inna ce a cikin ƙashin nan." Har ranar aurena sai da ya faɗa wa dangin miji su kula da ta hagun, ita ce dukiyar gidan.

Da ya ajiye aiki ya dawo Madina gaba ɗaya, sai saman gidan ya zama ofishinsa. Wanda ya san Harra ya san baƙin dutse ne ko'ina, ko ƙaya sai ta yi da gaske take fitowa. Ƙasa daga gonakin wajen Ƙuba yake roƙo ta, buhu-buhu a bayan tsohuwar motarsa. Taki daga kasuwar tumaki, wanda matarsa ta yi ta yaƙi da warinsa har ta haƙura. Akwatunan kuwa fararen nan ne marasa nauyi da ake zubo kayan lambu a ciki, yana tsinto su a halaga, babbar kasuwar kayan miya, ya huda gindinsu da ƙusa mai zafi. Da iskar safiya ta fara sanyi sai ya fara. Ba ya binne iri, barbaɗa shi yake kamar gishiri, ya danna da tafin hannu, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kwana kaɗan sai ka ga kore ya ɗago buhun. Kowace Juma'a sabon akwati, don kada su nuna lokaci ɗaya. In ganye ya kai tsawon yatsa sai almakashi, a yanka daga sama. Wanda duk ya kuskura ya tuge masa da saiwa, ranar zai ji tarihin kakanninsa.

Ruwan shukar ma na musamman ne. A sama yake alwala, a kan wata tsohuwar tasa, abin da ya taru ya juye wa akwatunan. Baƙo in ya zo lokacin salla, nan za a miƙa masa buta a nuna masa tasar. Yana cewa a garin da ruwa ke zuwa daga nesa, kunya ce ya taɓa fuskar mutum sau ɗaya ya bi rariya.

Sannan akwai dokar harshe. A ƙasa ka yi Larabcinka yadda kake so, shi ma yana yi, har da na 'yan tasha. Amma da ka taka matakalar ƙarshe, Hausa. Mu da aka haifa a nan muna ji sarai, amsawar ce ke mana nauyi. Sai in hau in ce, "Kef halak, ya Khali?" Ya yi kamar iska ce ta wuce. Sai na ce "Kawu, ina wuni" sannan zai juyo.

"Shukar nan Bakanuwa ce," in ji shi, "ba ta jin Larabci."

"Kawu, ai a attar ka sayo ta."

"Shi ya sa nake koya mata."

'Yar Hausar da nake rubutu da ita yau, a tsakanin akwatunan nan na tsince ta, ina tsinke ciyawa yana gyara mini baki. Da na san zan yi masa ta'aziyya da ita, da na ƙara mai da hankali.

Manyan abokan faɗansa tattabaru ne. Tattabarun Madina sun san ba a taɓa su, don haka ba su da kunya ko kaɗan. Da tsiro ya ɗago sai su sauka kamar an gayyace su walima. Ya kafa sanda da tsumma, suka mai da ita wurin hutawa. Ya rataya gwangwanaye, suka saba da kiɗan. Da abin ya ishe shi sai ya haɗa danƙo, dattijo da furfurarsa, ya kai ƙara wurin ɗaliban da ke zuwa masa cin kwaɗo duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Yadda zuwansu ya samo asali ma abin faɗa ne. Wata rana a halaga ya ji wani saurayi yana fama da mai kayan miya, yana kwatanta masa wani ganye da hannu, Larabcin littafi ya ƙi yi masa aiki. Kawu ya matsa ya ce masa da Hausa, "Lansir kake nema?" Ashe matarsa ce ke da ciki, ta ƙi cin komai, ba abin da take ambato sai kwaɗon gidansu. Kawu ya sa shi a mota ya kai shi sama ya yankar masa. Shi ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani. Waɗancan sun gama sun koma gida tuntuni, amma kowane ayari na miƙa wa na bayansa kwatancen gidan.

To, ranar ƙarar tattabaru ina ƙasa ina jin su ta taga. Kawu ya ce, "Malamai, ku ba ni fatawa. Saman nan cikin haramin Madina yake ko waje?" Ɗaya ya ce ciki ne, babu halin farauta. Wani ya ce ai Harra ita ce iyakar, kuma malamai sun yi magana a kan ko ita kanta tana ciki. Musu ya kaure, kwaɗo na ƙarewa a faranti ba wanda ya lura sai wanda ya yi shiru yana ci. Kawu ya ce, "To tunda akwai saɓani, ni zan bi mai sauƙi."

Washegari matarsa ta leƙa ta same shi tsaye da danƙo a hannu, tattabaru na cin shukarsa a gabansa, ya kasa ja. Ya sauko ya jefa danƙon a shara.

"Baƙin Manzo ne su ma," in ji shi. "Uwata haka ta zo garin nan, ba wanda ya gayyace ta, kuma ba a kore ta ba."

Daga ranar ya shiga sayen alkama yana watsa musu a can ƙarshen saman, wai su ƙoshi su bar masa gona. Suna cinye alkamar, su dawo su yi wanke baki da lansir. Haka suka zauna da shi har ƙarshe, yana zaginsu da safe yana ciyar da su da yamma.

Amma yankan farko na kowace shekara ba na ɗalibai ba ne, ba na maƙwabta ba, ba ma nasa ba. Na Umma ne. Zai yanka da kansa, ya naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ce, "Mai tsadar ƙafa, kai wa uwarki." Ina yarinya ina kaiwa da ƙafa, da na yi aure na koma unguwar Bani Harisa ma ban tsira ba, sai ya kira ni a waya in zo in ɗauka. Umma kuma ba ta taɓa mayarwa ba. Za ta karɓa, ta tsince, ta wanke, ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa da tumatir ƙanana, ta zuba yaji da man gyaɗa, ta murza da hannu. Kaf danginmu ba mai hannunta a kwaɗo. In ta gama sai ta ce, "Zo ki ɗanɗana mini gishiri." Ta wanke hannunta har gwiwar hannu, kada ko ɗigo ya kai bakinta. Ta raba biyu, rabi namu, rabi a mayar wa Kawu.

Shi kuma zai kai loma, ya lumshe ido, sannan ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan. Da mai haɗin ta ɗanɗana da ta ji." In kawo saƙo. Umma ta ce, "Ki ce masa harshensa ne ya tsufa." In mayar. Ni ce gidan wayarsu, kuma ban taɓa gajiya ba, don dariya nake sha a hanya. In kwaɗayi ya kama Umma sai ta aika halaga a nemo mata wani yanƙwanannen lansir da ya kwana a mota, ta kwaɗa ta ci tana cewa ya fi na wasu. Ba wanda ya yarda, har da ita.

Wata Sallar layya, gida cike, Kawu ya ga dama ta samu. Ya jawo ɗaya daga cikin ɗaliban nan har bakin labule ya ce, "Malam, gaya wa ƙanwata hukuncin rantsuwa. Miskini goma ne, ko ba haka ba? Ni zan ciyar, ko sisinta ba na so."

Bawan Allah ya fara gyaran murya zai jawo bayani. Umma ta katse shi daga ciki.

"Malam, yi zamanka ka ci nama. Na san hukuncin tun ba a haife ka ba. Ba bakinsa ne ya rantse ba, kuma ni ba shinkafa nake jira ba."

Kowa ya san abin da take jira. Ya buɗe baki ya janye maganar nan ɗaya. Kawu kuwa bakinsa na iya faɗar komai a duniya, da Hausa da Larabci, ban da "yi haƙuri". Mutum ne da zai ba ka motarsa ya tafi da ƙafa, amma ba zai ce ya yi kuskure ba. Na so shi matuƙa, kuma wannan hali nasa ya sha ba ni haushi. Umma ma jininsu ɗaya, ban wanke ta ba.

A sanyin nan na ƙarshe na lura hawa ya fara yi masa wuya, yana tsayawa a tsakiyar matattakala yana yin kamar wani abu yake dubawa a bango. Wata safiya ina riƙe masa akwati yana barbaɗa iri, sai ya kalli ƙafata, bai yi tsokanar da ya saba ba.

"Uwarki ta fi ni gaskiya," in ji shi. "Da Inna na raye, da hannunta za ta kaɗa miki shi."

"To Kawu, ka gaya mata mana."

"Ai ina aika mata duk shekara."

"Ganye ba ya magana, Kawu."

Ya yi dariya har da tari, ya ce khalas, shi ke nan, in ya gama shukar bana zai je. Ban tsaya ko'ina ba sai gidan Umma. Ta saurare ni tana tsince shinkafa, ta ce, "Bakinsa ciwo yake? Ya san hanyar gidana." Amma na ga murmushin da take ɓoyewa, kuma a satin ta aika gidan wata mai tuyar ƙuli-ƙuli aka kawo mata sabo, ta adana a kwalba. Allah bai nufa ya je ba.

Bayan an tashi daga aza, matar Kawu ta ce gwiwoyinta ba za su iya saman ba, sai na riƙa biyowa kullum da safe ina ba da ruwa. Iska ta fara ɗumi. Tsofaffin akwatunan suka miƙe suka fitar da 'yan fararen furanni, ɗaya bayan ɗaya, a jeren da ya shuka su. Na yanka na rarraba wa maƙwabta abin da zai yanku. Sauran na bar su su yi iri. Ina kallo har ya rage na ƙarshe, wanda ya shuka Juma'ar da ta gabaci rasuwarsa. Na je na sami Umma a kan sallaya.

"Umma, saura akwati ɗaya. Shi ma ya kusa fure."

"Na ji," in ji ta, ta ci gaba da jan carbi.

Na fita raina a ɓace, na ce a zuciyata taurin kan gidan nan sai kabari. Washegari da sassafe sai ga wayarta. In zo in kai ta Harra, mu biya ta wurin mai kaji. Ta fito da kwalbar ƙuli-ƙulin a jakarta. A kicin ɗin Kawu ta ɗora babbar tukunya, ta hana kowa sa mata hannu, har matar gidan. Shinkafa da kaza, ta ji kayan ƙamshi. Ta zuba a mazubi goma, ta ƙirga da bakinta, ta ba mijina ta ce ya kai wa masu sharar titi da tsofaffin da ya san ba su da mai dafa musu. Ba ta tashi daga bakin ƙofa ba sai da ya dawo ya ce kowa ya karɓa.

Sannan ta kama ƙarfen matattakala. Ta huta sau biyu a hanya, ta ƙi in riƙe ta. Rabonta da saman nan tun kafin a jera masa akwati na farko. Ta tsaya tana kallon tasar alwala da butarsa da tabarmarsa, tattabaru na yawo a ƙafafunta. Na miƙa mata almakashinsa. Ta duƙa ta yanka a hankali, daga sama, yadda Kaka ta koya musu su biyun. A nan kan tabarmar ta haɗa kwaɗon. Da ta gama murzawa na matso don in ɗanɗana gishiri, ta ture hannuna.

Ta yi bismilla ta kai loma. Ta daɗe tana taunawa.

"Yaushe na ɗora tukunyar nan?" ta tambaye ni.

"Da hantsi, Umma."

"Ga shi ko azahar ba a kira ba." Ta kalli kwanon. "Tukunya ɗaya. Shekara talatin na kasa ɗora tukunya ɗaya ya zauna a nan ya ga na ci."

Sai kuka ya zo mata, sosai, har kafaɗunta na rawa. Na bar ta ta yi. Da ya lafa ta ɗaga hannunta mai maiƙo ta ce, "Yaya, na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Allah Ka sanyaya masa makwanci, Ka haɗa shi da Inna, Ka ciyar da shi yadda ya ciyar da baƙinKa." Na ce amin.

Ta share ido da bayan hannu, ta jawo kwanon gabanta, ta ci gaba da ci. Ko ganye ɗaya ba ta raga mini ba.